Tambaya da Amsa: Rigimar ƙungiyar masara da kuɗin fanshon mutum ɗaya

Wasiƙu biyu suka zo mini a wannan makon daga ƙungiya ɗaya a Samaru, kuma da alama kowanne bai san ɗayan ya rubuto ba. Yawan membobi da kasuwar da suka ambata su suka tona mini. Na cire sunaye, na rage tsawo, zan amsa su a jere. Gajerun tambayoyi suna ƙasa.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Shekaruna 44, ina zaune a Hayin Dogo. Na yi shekara 11 ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa, wata biyar da suka wuce aka rage ma'aikata har da ni. Muna da ƙungiya ta mutum 23, duk wata kowa yana zuba naira dubu 20, da kaka mu sayi masara a kasuwar Giwa mu ajiye, in ta yi daraja mu sayar. Bana matasan cikinmu suka kawo wata harka ta waya, wai tana ba da ribar kashi 20 cikin 100 duk wata. Shugabanmu ya ce tunda ba ni da aiki, in kwaso kuɗin fanshona gaba ɗaya, wajen naira miliyan 4 ne, in zuba, a riƙa ba ni riba ina riƙe iyali. Ma'ajiyarmu ta ce ba za a ba ni ba, har suka yi cacar baki a wurin taro. Yanzu ƙungiya ta dare biyu, ana yi mini kallon ni na haddasa. Baba, kuɗin nan ba nawa ba ne? Me zai hana a ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya musanya maka da aikin da ya fi wancan. Kuɗin naka ne, sunanka ne a kan asusun, kamfanin da ya sallame ka ma ba shi da ikon taɓa kwabo a ciki. Amma ba za a ba ka shi duka ba, ko da mutum 23 ɗin nan sun ɗaga hannu sun amince. Maganar ma'ajiyarku ta fi ta shugabanku kusa da gaskiya, sai dai akwai ragowar da ba ta faɗa maka ba.

Dokar da ke aiki ita ce Dokar Gyaran Fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004 da aka yi zamanin Obasanjo. Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ke sa ido a kanta. Abin da ta tanada shi ne mai asusu ba ya fara cin kuɗinsa sai ya bar aiki kuma ya kai shekara 50, dole biyun su haɗu, in ban da wanda likitoci suka tabbatar rashin lafiya ta hana shi ci gaba da aiki. Kai kuwa saura maka shekara shida. Ƙofa ɗaya aka buɗe wa irinka: wanda ya rasa aiki kafin ya kai 50, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cirar abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na asusunsa ba. A tsohuwar doka wata shida ake jira. Kai ka cika sharaɗin. A miliyan 4, naka na yanzu miliyan 1 ne, kuma sau ɗaya ake yin wannan cirar. Sauran miliyan 3 suna nan ana juya su har ka kai 50, in ka samu wani aikin kuma sabon uban gidanka cikin wannan asusun zai ci gaba da zubawa, domin lambar asusun ba ta canjawa.

Kafin ka cika fom, ka je ofishin kamfanin fanshonka ka karɓi takardar bayanin asusu tun daga watan farko, ka bi ta wata-wata. Na yi shekaru a ofishin albashi kafin in ajiye aiki, kuma a nan na ga mutane suna asara ba su sani ba. Doka ta ce a cire maka aƙalla kashi 8, mai aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Kamfanin da ya kai ga rage ma'aikata sau da yawa ya daɗe yana yankewa ba ya turawa. In ka ga giɓi, ka rubuta wa PenCom, suna da ofishin shiyya a Kano, kuma doka ta ɗora wa mai aikin tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a duk watan da ya yi jinkiri. Daga nan sai ka haɗa takardar sallama, da shaidar haihuwa, da hoto, da lambar NIN, da lambar asusunka na banki. Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ka ba shi wani abu ya hanzarta maka, ka wuce shi, ba a biyan kuɗi a kan wannan.

To yanzu ga abin da ya fi damuna. Miliyan ɗayan nan an ware ta ne domin mutumin da albashinsa ya yanke ya biya haya, ya biya kuɗin makarantar yara, ya kama wata sana'a da hannunsa kafin Allah ya kawo mafita. Shugabanku yana da albashi, in harkar ta nutse zai yi tsaki ya jira ƙarshen wata. Kai wane ƙarshen wata za ka jira?

Ka ɗauki biro ka yi lissafin kashi 20 ɗin nan. Miliyan 1 da ake ƙara wa kashi 20 duk wata, ba a taɓa ribar, cikin shekara guda ta kusa miliyan 9. Wace saye da sayarwa ce ke haifar da haka, har masu ita suke bin ma'aikatan Samaru suna roƙon dubu ashirin-ashirin? Mun ga irinta. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta ruguje a Afrilun 2025, kuma duk tsarin ɗaya ne: kuɗin sabbin shiga ake biyan na farko da shi, ranar da shiga ta ragu sai allo ya daina buɗewa. Su na farkon nan da aka biya, su ne ke zama shaidu a unguwa, suna rantsuwa da gaskiyarsu, domin an biya su ɗin. Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari ta 2025 ta mayar da gudanar da irin wannan harka laifin da ke kai mutum gidan yari. In sun nuna maka takardar rajistar kamfani ta CAC, ka sani wannan shaidar suna ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ke ba da wancan izinin, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta yi wa rajista.

Shawarata, ka ciri kashi 25 ɗin in har matsi ya kai, ka riƙe shi a hannunka. In kana da wata hanyar da za ta riƙe ka, ka bar shi, domin ƙofa ce da ba a shiga sau biyu. Kallon da ake yi maka kuwa, ka daina ɗaukar sa a ka. Rigimar ta girme ka, ga wasiƙa ta biyu ka gani.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ce ma'ajiyar wata ƙungiya a Samaru, ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce, baɗi nake cika shekara 35 a bakin aiki in yi ritaya. Don na hana a zuba kuɗin ƙungiya a wata harkar waya, an ce ni mai baƙin ciki ce, har wani yaro da na girmi uwarsa ya turo mini saƙo tsakar dare yana cewa in fito da kuɗinsu. Mutum bakwai sun ce a ba su abin da suka zuba cif-cif su fita. Kuɗin kuwa yana cikin masara, buhu 92 a sito, kuma farashi ya faɗi ƙasa da yadda muka saya. Ba mu da komai a rubuce, amana ce kawai. Biyu daga cikinsu har suna cewa za su ajiye aiki su ciri fanshonsu. Shugaba kuma yana faɗa wa mutane wai baɗi za a ba ni rabin fanshona a dunƙule, in ranta wa ƙungiya. Yaya zan raba wannan, kuma nawa za a ba ni?

Amsa: Hajiya, sannu da haƙuri. Riƙon kuɗin jama'a ba a yin sa a fita da farin jini.

Mutum bakwai ɗin nan suna da haƙƙin fita, ba su da haƙƙin abin da suka zuba cif-cif. Ba ajiya suka ba ki ba, ba kuma adashe kuke yi ba, da za a ce kowa zai kwashi daidai abin da ya zuba. Tarayya kuka yi a kan kasuwanci, kuma ƙa'idar tarayya a fiƙihu sananniya ce: riba a raba yadda aka yi yarjejeniya, asara kuwa gwargwadon jarin kowa. A shekarun da masara ta yi tsada sun karɓi riba ba su ce a'a ba. Faɗuwar farashin ma ba ke kika jawo ta ba. Tun bayan da gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da wasu kayan abinci a 2024, ga kuma kaka mai kyau, masu ajiya da yawa a ƙasar Zazzau suka ji a jikinsu.

Sa'arku ɗaya, dukiyarku abar ƙirgawa ce. Buhu 92 tsakanin mutum 23, in kowa ya cika zubinsa, buhu huɗu-huɗu ke nan. Ku zaɓi mutum biyu daga kowane ɓangare su je Giwa ranar kasuwa su jiyo farashi da kunnensu. A fitar da kuɗin sito, da maganin ƙwari, da lebura, da mota, a raba wa kowa nasa kason na ɗawainiya. Mai son fita ya biya nasa ya ɗauki buhunansa, ko masu zama su saye a farashin ranar, ko ya yi haƙuri a sayar tare. Wanda ke da bashin zubi a rage masa. A yi wannan a zaune, ido da ido, gaban limaminku ko mai unguwa, kowa ya sa hannu. Kada ki amsa saƙon kuɗi a waya bayan isha'i, kuma yaron nan a gaban dattawa za a nuna masa kuskurensa, ba ke za ki tsaya musayar baƙaƙe da shi ba.

A wannan zaman akwai tambayar da nake so wani dattijo ya yi wa shugaba a bainar jama'a: shin ana ba shi lada a kan duk mutumin da ya kawo cikin harkar wayar? Irin waɗannan harkoki da ladan kawo mutane suke tafiya. Ban ce macuci ba ne, mai yiwuwa shi ma ruɗarsa aka yi, har ya zuba nasa. Amma mutumin da idonsa ke kan fanshon marar aiki, yana kuma lissafa naki tun bai zo ba, ya kamata a san me ke tura shi.

Masu zama kuma kada ku sake zuba kwabo sai kun rubuta ƙa'ida. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka rubutu ba rashin yarda ba ne. Shafi biyu sun isa: abin da aka yarda a sa kuɗi a ciki, wata nawa mai fita zai ba da sanarwa, yadda za a ƙiyasta kasonsa, me za a yi in memba ya rasu, da cewa ba a sauya harka sai an ba wanda bai yarda ba damar fita da nasa. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum uku, ku kuma yi rajista a matsayin ƙungiyar gama kai a ofishin jiha. Kuɗin mutum 23 ya fi ƙarfin jakar mutum ɗaya, ko da jakarki ce.

Masu cewa za su ajiye aiki, ki faɗa musu doka ba ta hana ba. Za su zauna wata huɗu babu albashi, su karɓi kashi ɗaya cikin huɗu, su yi sallama da kashi 10 da ake zuba musu duk wata. Su yi lissafin da kansu.

Sai naki. Babu inda doka ta ce rabi. Kamfanin fanshonki zai duba abin da ke asusun, da shekarunki, da albashinki na ƙarshe, ya fara ware abin da zai isa a riƙa biyan ki fansho, abin da ya yi saura shi ne za ki iya karɓa a dunƙule. Shi ya sa mutum biyu da suka ajiye aiki rana ɗaya kowa ke fita da nasa adadin, su dawo unguwa suna zargin an cuci ɗaya. Wanda ake ba shi duka shi ne mai ƙaramin asusu, wanda fanshonsa na wata ba zai kai kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi ba, wato kimanin naira 23,333 tunda mafi ƙarancin ya koma dubu 70 a 2024. Mai shekara 35 a aikin tarayya da wuya ta faɗa nan.

Abin da ya rage, hanya biyu ce. Ko ki bar shi a hannun kamfanin fansho yana juyawa yana biyan ki wata-wata ko duk wata uku, in rai ya yi halinsa abin da ya saura ya zama na magada. Ko ki miƙa shi ga kamfanin inshorar rai ya riƙa biyan ki muddin kina raye, ko shekara nawa kika yi, amma lamunin magada shekara 10 ne na farko, in an wuce su babu sauran abin gado. Daga ta farko ana iya komawa ta biyu, daga ta biyu ba a dawowa. Wakilan inshora za su yi ta sintiri a ofishinku a watannin ƙarshe, ki saurare su, kada ki sa hannu a ranar. Ni ta farkon na zaɓa saboda ina da ƙananan yara a lokacin, amma na san waɗanda ta biyun ta fi yi wa daidai. Rancen da shugaba ke hange kuwa, abin da kika karɓa a dunƙule naki ne, ki yi yadda kika so, asusun kansa kuma doka ta hana a sa shi jingina.

Tambaya: Baba, ni malami ne, ina zaune a Gyallesu. An ce kuɗin fanshonmu da ruwa ake juya shi. Zan iya cire nawa saboda wannan dalilin?

Amsa: Cirewa dai a'a, Malam, amma kana iya sauya masa mazauni. Tun 2018 aka karkasa kuɗin fansho gida-gida: wanda bai kai 50 ba ana sa shi a Asusu na Biyu in bai zaɓi wani ba, mai 50 zuwa sama a na Uku, ɗan fansho a na Huɗu. A 2021 aka ƙaro Asusu na Shida, wanda ba na ruwa ba, ana zuba shi a irin su sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, da hannun jarin kamfanonin da harkarsu ta dace da shari'a. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk a 2017, na naira biliyan 100, aka yi hanyoyi da shi. Ka rubuta wa kamfanin fanshonka kana neman a mayar da kai can. In sun yi maka jan ƙafa, tun Nuwamban 2020 an ba kowa damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara.

Tambaya: Malam, ina da fili a Dogarawa. Na ji ana ba da kashi 25 na fansho don gida. Zan iya karɓa in sayi bulo da siminti?

Amsa: Ba a hannu ake ba da shi ba, ɗan'uwa. Ƙa'idar da PenCom ta fitar a Satumban 2022 ta ba mai aiki damar amfani da abin da bai wuce kashi 25 ba a matsayin nasa kason na bashin gida, kuma kuɗin kai tsaye yake tafiya bankin da zai ba da bashin. Dole ka kasance an zuba maka na wata 60 aƙalla, kuma ba ka cikin shekara uku na ƙarshen aikinka. Ka tuna bashi ne za ka ɗauka a kan sauran kuɗin gidan, don haka ka tambayi bankin ko yana da tsarin da ba na ruwa ba kafin ka fara zirga-zirgar takardu.

Tambaya: Baba, mijina ya rasu yana bakin aiki. Sunan ƙaninsa ne a fom, ya ce kuɗin nasa ne.

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri, 'yata. Sunan da ke fom na wanda za a tuntuɓa ne, bai mayar da shi mai dukiya ba. Kamfanin fansho ba ya biya sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, daga nan a raba wa magada bisa shari'a. Ki sa waliyyinki ya raka ki wurin aikin marigayin, ku tambayi kuɗin inshorar rai ta ma'aikata ma, domin doka ta wajabta wa mai aiki ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Wannan daban yake da abin da ke asusun fansho. Ku tafi da shaidar rasuwa, da shaidar aure, da takardun haihuwar yaran.